Muryar da Aka Kankare

Yammacin ranar da abin ya soma, babu abin da ya bambanta gidan Mai Gyara da sauran gidajen layinsu. Rana ta yi ja ta sunkuya bayan rufin maƙwabta. Umma tana kwashe shanya, butar shayi tana huci a kan wuta, Auta kuma tana wanke kofuna a bakin famfo tana 'yar waƙarta kamar kullum.

Mai Gyara ma'aikaci ne a gidan adana kayan tarihi. Shi ke kula da zauren tsofaffin na'urorin sauti, inda garmaho masu manyan ƙahoni suke jere cikin gilashi, shiru, kamar dattawan da suka gama faɗin abin da ke bakinsu. In wata ta lalace, gida yake kawo ta, ya shige ɗan ɗakinsa na aiki mai warin mai da tsatsa. 'Ya'yansa biyu ne, duka mata. Babbar, wadda kowa ke kira Yaya, tun tana ƙarama take riƙe masa fitila, har ta kai tana kwance na'ura ta mayar ba a rasa ko ƙusa ɗaya ba. Ita yake ce wa Injiniya. Ƙaramar kuwa, saboda zaƙin muryarta, Kanari yake ce mata. Yaya ta daɗe da lura da wani abu da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. In ya ce Injiniya, hannunsa a miƙe yake yana jiran a ba shi sukudireba. In ya ce Kanari, ajiye abin da ke hannunsa yake yi.

A wannan karon, na'urar da ta fi duka tsufa ya kawo, wadda suke kira Tsohuwa. Ta girmi faifai. Wani abu ake zura mata mai kama da gwangwani marar kai marar gindi, na kaki. Mutum ya yi magana a bakin ƙahonta, allura ta zana muryar a jikin kakin, in an sauya allurar sai ta maido maka abin da ka faɗa. In kuma an kankare fuskar kakin ta yi sumul, ana iya ɗaukar sabuwar murya a kai. Shugaban gidan tarihin yana so baƙi su ji cewa Tsohuwa tana da sauran numfashi. Yaya ce ta sha wahalar gyaran sifirin ɗinta, naɗaɗɗen ƙarfen da ke juya ta, har ya yanke ta a babban yatsa. A ranta ta riga ta yanke cewa muryar farko tata ce, ko da sallama ce kawai.

"Injiniya," in ji Mai Gyara, "ɗauko kwalin nan na gwangwanayen banza. Akwai wani mai tsaga a baki, ba komai a kansa sai shuuu. Kankare mana shi, Kanari za ta yi waƙa."

"Kanari?"

"To wa? Ni? In na buɗe baki a ƙahon nan ai sai baƙi su nemi ƙofa. Ke ma muryata kika ɗauko, Allah Ya ba mu haƙuri, kamar ana jan tebur a kan siminti."

Daga bakin famfo Auta ta tuntsire da dariya. Yaya ma ta yi tata, iyakar leɓe.

Mai Gyara yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya wasa da ita: ba a ɗora wuƙa a kan kaki sai an saurare shi daga farko har ƙarshe. Ya ce shi ya sha sauraron wannan, amma ita ma ta ƙara, don kunne ya fi kunne. Ya fita alwala ya bar ta.

Yaya ta zura gwangwanin, ta murɗa hannun na'urar, ta sauke allura. Ba ta ji shuuu ba. Muryar mace ta ji, siririya, daga nesa, tana rera waƙa da harshen da ba ta taɓa ji ba. Waƙar tana hawa a hankali, ta tsaya kamar mai leƙa bayan katanga, sannan ta gangaro. Tsigar jikin Yaya ta tashi. Ta sake sawa, ta kuma sake. Muryar Auta ko kusa ba ta kama ƙafar wannan ba.

Ta san abin da ya kamata ta yi, wato ta kira Baba. Sai ta hango a ranta yadda zai ajiye butarsa, ya zo ya zauna da baki buɗe, ya yi wata guda ba shi da zance sai wannan murya. Ga mai zaƙin murya a bakin famfo, ga wata kuma a cikin kwali. Ita kuwa ga yatsa a ɗaure.  Ta ɗora gwangwanin a kan abin kankara, ta kafa wuƙa. Kakin ya riƙa zubowa a cinyarta a nannaɗe, ja-ja, kamar gashin da ake aske wa jariri. Kuma, Allah Ya gafarta mata, ta ji daɗi.

Auta ta zo ta durƙusa a gaban ƙahon ta yi waƙarta. Lokacin da aka sauya allura don a ji, hasken tsakar gida ya riga ya koma toka-toka. Muryar Auta ta fito tangaran. Umma ta hau tafi. Mai Gyara kuwa ya haɗe gira.

"Bai ɗauka ba. Shuuu ɗin nan ne dai."

"Maigida, wane irin shuuu? Ga yarinya nan tana waƙa kamar a gabanka."

Auta ta ce, "Baba, ba ka ji ni ba?"

Mai Gyara ya zuba mata ido. Ya ga leɓunanta suna motsi, amma abin da ya iso kunnensa huci ne kawai, irin na mai hura garwashi. Ya sa yatsa ya sosa kunne. Kafin ya ce wani abu, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya dira a ƙofar ɗakin aiki. Umma ta ɗauka don ta nemi ɗan da ya yi jifa, ta yar da sauri. Dutsen da ɗumi, kamar yanzu aka ciro shi daga hannun mutum.

Tun daga ranar, da zarar rana ta faɗi sai jifa ya soma. Ba da yawa ba, ɗaya, sai shiru mai tsawo har mutum ya saki numfashi, sannan wani. Maƙwabta suka hau katanga da fitilu, ba su ga kowa ba. Ƙahon Tsohuwa, ko ina aka juya shi, da safe sai a tarar yana fuskantar ɗakin 'yan matan. Mai Gyara ya yi niyyar mayar da ita gidan tarihi, amma na'urar da ya shigo da ita a hannu ɗaya, shi da maƙwabcinsa suka kasa raba ta da tebur.

Ba uban kaɗai ba ne. Mai shagon bakin layi, malamin makarantarsu, likitan da ya leƙa maƙogwaronta ya ce lafiya lau, duk namijin da Auta ta yi wa magana huci yake ji. Mata kuwa suna jin ta sarai.

Nan fa Yaya ta zama bakin ƙanwarta. "Injiniya, me ta ce?" Haka uban ke tambaya safe da yamma, yana kallon fuskar Yaya, yana jiran muryar nan mai kama da jan tebur. Ba ƙaramin daɗi wannan ya yi mata ba a kwanakin farko. Wata rana Auta ta ce, "Ki gaya wa Baba ina kewar hirarmu, kuma shayinsa ya huce." Yaya ta ce, "Ta ce shayinka ya huce." Auta ta dube ta, ta kawar da kai.

Amma abin bai tsaya nan ba. Muryar Auta ta soma yin nisa har ga matan, sai an kai kunne kusa da bakinta. Ta bar cin abinci. Da magariba takan je ta zauna gaban ƙahon, ta yi tagumi. Yaya tana taje mata kai sai ta ga ɓarɓashin kaki a cikin gashin, ja-ja, a nannaɗe. Ta ajiye matajin.

"Yaya," in ji Auta, can ƙasa-ƙasa, "wani yana cewa zai kai ni inda babu mai ji na sai shi. Ya ce saura kaɗan."

Washegari Mai Gyara ya tafi ya zo da wani malami, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda aka sani da ilimi da kuma rashin gaggawa. Ya nemi kujera, ya sha shayi, ya sa aka ba shi labari tun daga farko. Ya daɗe yana duban Tsohuwa.

"Ita wannan, karatu take ɗauka ko waƙa kaɗai?"

"Duk abin da aka faɗa mata, Malam."

"To ta fi ɗalibaina."

Babu wanda ya iya dariya. Da suka idar da sallar magariba, dutsen farko ya faɗo. Malam ya sa aka zaunar da Auta a kan tabarma a ɗakin aiki, Umma ta riƙe kafaɗunta. Ya soma karatu, ba da ƙarfi ba, yana yi yana maimaitawa. Jifa ya tsananta, sannan ya ɗauke ɗif. Ɗakin ya cika da warin kaki mai narkewa. Auta ta ɗago kai a hankali, idanunta a kafe, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta tsoho ce, a dushe, kuma kowa ya ji ta.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Sai ka yi magana in huta, ni ma maƙogwarona ya gaji. Wane ne kai, me ka zo nema a jikin 'yar mutane?"

"Ni ba na shiga gidan kowa. A cikin ƙahon nan nake tun kakan wannan mutum bai iya tafiya ba. Su suka taɓa ni."

"Da me?"

Muryar ta ce, "Matata. Wani mutum ya taɓa ajiye na'urar nan a bakin rafi yana son ya kama kukan tsuntsaye. Ita kuwa akwai son ganin ƙwaƙwaf. Ta leƙa ƙahon ta yi waƙa. Na yi fushi da ita a kan haka, fushi mai tsawo. Kafin in huce ta rasu. Waƙar nan da kakin ya ɗauka ita ce abin da ya rage mini nata a duniya, sai aka aske ta kamar gemu."

Mai Gyara ya ce, "Wallahi Malam, ba komai a kansa. Na saurara ba sau ɗaya ba."

"Da kai zan bari ka ji muryar matata? Kai wa? Duk namijin da ya sa shi, hura iska nake a kai har ya ƙare."

"Tsaya," in ji Malam. "Kai ka rufe muryar har aka ɗauka gwangwanin banza ne, aka jefa shi a kwalin shara, yanzu kuma ka zo kana jifan rufin mutane? Kishinka ne ya miƙa wuƙar."

"Amma ba shi ya riƙe ta ba. Ba na rufe wa mata. Akwai wadda ta ji." Idanun Auta suka juya suka tsaya a kan Yaya. "Ba ruwana da ita, muryarta ba abin ɗauka ba ce. Wadda aka zuba a kan gwangwanina, ita ce tawa. Abin da ke kansa nawa ne. Ba namijin da zai ƙara jin ta, kuma da ita zan tafi."

Yaya ta ji duk ɗakin ya juyo gare ta. Kallon uban ne ya fi nauyi, don babu faɗa a cikinsa, mamaki ne kawai.

"Na ji ta, Baba," ta ce. "Har ƙarshe na saurara, yadda ka koya mini. Na kankare ne don... na gaji da masu zaƙin murya."

Umma ta yi salati. Malam bai ko dubi Yaya ba. Ya ce wa mai maganar, "An cuce ka, wannan gaskiya ne. Amma yarinyar da ka kama ba ta ci maka komai ba, kuma ba za ka tafi da ita ba ko za mu kwana a nan. Wanda ya ɓata shi ke gyara. Rera mana waƙar matarka mu ji abin da aka rasa."

Bakin Auta ya buɗe, ya rufe. Ya sake buɗewa. Huci ne kawai ya fito.

"Ba ka iya ba?"

"Na manta." Muryar ta karye. "Duk ranar da aka sa, ina can ina hura iska. Mai hura iska ba ya ji. Na ce wata rana zan zauna in saurara ni kaɗai, sai sifirin ya tsinke. Da aka gyara, ina murna, ina murna, sai ga mutumin nan yana kai da kawo a ƙofa da butarsa. Ina gadinsa har aka gama."

Yaya ba ta san lokacin da ta yi magana ba. "Ni ban manta ba."

Gaskiya ta faɗa. Tun ranar waƙar ba ta bar kanta ba. Tana wanki tana jin ta, tana kwance tana jin ta, yadda mutum ba ya manta fuskar wanda ya fi shi.

"Ke? Da wannan muryar?"

"Ita gare ni."

Malam ya gyara zama. "Ga ciniki. Za ta mayar maka da waƙar a kan gwangwaninka. Kai kuma ka saki yarinya, ka bar gidan nan, ka rantse da Wanda Ya halicce mu da ku ba za ka dawo ba."

"Maza su fita. Kuma waƙar nan kada ta rera ta gaban namiji har ta mutu, ko ubanta ne. In ta gama, kada a ƙara ɗora wa gwangwanin wuƙa."

Malam ya dubi Yaya. Ta dubi ubanta, ta daɗe, sannan ta gyaɗa kai. Aljanin ya rantse. Malam ya miƙe da ƙyar, ya ja hannun Mai Gyara suka fita har bakin titi.

Sai da Yaya ta fara kankare waƙar Auta. Kwanakin baya da an ba ta wannan aiki da ta yi shi tana murmushi. Yanzu kuwa kakin yana zuba, hawayenta na bin sa. Ta sauya allura, ta murɗa hannu, ta durƙusa a gaban ƙahon da ta goge da hannunta. Muryarta ta fito a shaƙe, ta yi tuntuɓe a hawan farko. Ta ci gaba. Ta hau, ta tsaya inda matar ta tsaya kamar mai leƙa bayan katanga, ta gangaro. Da ta kai ƙarshe ta mayar da allurar sauraro, ta sa masa. Wannan karon babu wanda ya hura iska.

Hawaye suka riƙa bin kumatun Auta, ba nata ba.

"Muryarki ba daɗi," in ji aljanin.

"Na sani."

"Amma nan wurin da kika tsaya, haka take yi. Haka take yi."

Ƙahon ya yi wata 'yar ƙara, kamar an sauke ajiyar zuciya a cikinsa. Auta ta sulale a jikin Umma. Da aka kira mazan, ta buɗe ido ta ce, "Baba, ƙishirwa nake ji." Mai Gyara ya durƙusa a gabanta. "Sake faɗa, Kanari. Sake faɗa." Yaya ce ta je ta kawo ruwan, kuma ta tarar ƙyashin da ke ranta ya ragu, ko da yake bai tafi duka ba.

Da safe Mai Gyara ya ɗauki Tsohuwa da hannu ɗaya ya mayar da ita zaurenta. Ya roƙi shugaban a bar gwangwanin mai tsaga a jikinta. In an sa wa baƙi, maza sukan ɗaga kafaɗa su ce ai tsufa ya cinye ta, su wuce wajen garmaho. Matan kuwa sukan tsaya, har a riƙa kiran su.

Bai yi wa Yaya faɗa ba, kuma kwana da kwanaki bai ce ta miƙo masa komai ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Sai wata yamma tana share ɗakin aiki, ya shigo ya zauna gaban wani agogo da ya kwance.

"Yau ma na sa gwangwanin bayan an tashi aiki," ya ce. "Shuuu. Wata mata mai shara ta tsaya tana kuka, ni ina tsaye kamar gunki." Ya juya sukudireba a hannunsa. "Kanari ta ce kin fi ta iya tsayawar nan."

"Ƙarya take, Baba. Tausayina take ji."

"Wataƙila. Ba ni da hanyar sani."

"Ba zan iya rera maka ba. Na yi alkawari."

"Na ji alkawarin. Waccan ya hana." Ya ajiye sukudireban a kan tebur, ya naɗe hannuwansa. "Yi mini wata."